INSHORAR LAFIYA GA MASU ƘARAMIN ƘARFI: YADDA ASUSUN JIHOHI DA ƘANANAN HUKUMOMI YAKE AIKI

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa daga cikin kowace Naira 100 da ake kashewa a kan magani da asibiti a Nijeriya, fiye da Naira 70 daga aljihun marar lafiya ko na danginsa take fitowa, nan take, a bakin tagar biyan kuɗi. Binciken yawan jama'a da lafiyarsu da aka gudanar a ƙasar nan a 2018 kuwa ya gano cewa kimanin kashi 3 cikin ɗari ne kawai na mutanen da ke tsakanin shekara 15 zuwa 49 suke da inshorar lafiya kowace iri. Ma'anar wannan ita ce, ga mafi yawan magidanta, ranar da ciwo ya shigo gida ita ce ranar da ake fara neman kuɗin magani.

Wannan al'amari ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye. Ƙaramin ɗan tireda wanda matarsa ta bukaci tiyatar haihuwa ba shi da wurin da zai nufa sai jarinsa, in jarin bai isa ba ya sayar da akuya ko ya jinginar da gona. Babban ɗan kasuwa kuma shi ne wanda yaran shago da direbobi da 'yan dako suke sallama wa da takardar likita a hannu. Wato dai maigida a kasuwa ya daɗe yana aikin kamfanin inshora ba tare da ya karɓi ko kwabo daga kowa ba, kuma ba tare da ya san nawa abin zai ci masa a shekara ba. Saboda haka akwai bukatar ya fahimci yadda shirye-shiryen da gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi suke gudanarwa suke aiki, da inda suke da ƙarfi, da inda suke da rauni.

Tushen lissafin

Inshorar lafiya ta yi kama da adashi ta fuskar zubi, amma ta bambanta da shi ta fuskar kwasa. A adashi kowa yana zubawa, kowa kuma yana kwasa idan layinsa ya zo. A inshora kowa yana zubawa, amma wanda ciwo ya kama ne kaɗai yake kwasa, kuma gwargwadon ciwonsa, ba gwargwadon zubinsa ba. A ɗauki misalin mutum 1,000 da kowannensu yake zuba Naira 1,000 a wata. A shekara an tara Naira miliyan 12. Yawancinsu ba za su wuce zazzaɓin cizon sauro da ciwon ciki ba, wasu ma ba za su taka asibiti ba sam. 'Yan kaɗan ne za su bukaci kwanciya ko tiyata, kuma kuɗin masu lafiya ne zai ɗauki nauyinsu. Abin da mai lafiya ya saya da zubinsa shi ne kwanciyar hankali.

Sai dai akwai wani lahani da masana tattalin arziki suka daɗe da ganowa a irin wannan asusu. Idan aka bar shiga ga ganin damar mutum, masu ciwon suga da hawan jini da mata masu juna biyu su ne za su fara rububin rajista, matasa majiya ƙarfi kuwa su noƙe. Daga nan abin da ake kashewa ya zarce abin da ake tarawa, a ƙara kuɗin zubi, sauran masu lafiyar da suka rage su ma su janye, asusun ya durƙushe. Magani biyu aka sani: a wajabta wa kowa shiga, sannan hukuma ta biya wa wanda ba zai iya biya ba. Duk tarihin inshorar lafiya a ƙasar nan kokawa ce da waɗannan abubuwa biyu.

Daga 1962 zuwa 2022

Tun a 1962 ministan lafiya na lokacin, Dokta Moses Majekodunmi, ya gabatar da shawarar kafa inshorar lafiya ga majalisa a Legas, amma ba ta samu karɓuwa ba. A shekarun 1980, bayan faɗuwar farashin man fetur da shigowar shirin tsuke bakin aljihu na 1986, magani kyauta ya gagara a asibitocin gwamnati. Yarjejeniyar Bamako ta 1987 ta kawo tsarin sayar wa majinyata magani a mayar da kuɗin a sake sayo wani, a zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya yana ƙoƙarin ɗora kiwon lafiya matakin farko a kan ƙananan hukumomi. Tsarin ya taimaka wajen samar da magani a kan kanta, amma bai amsa tambayar wanda ba shi da kuɗin saye ba.

Dokar soja mai lamba 35 ta 1999 ita ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, wadda ba ta fara aiki sosai ba sai a watan Yuni na 2005. Dokar ba ta tilasta wa kowa ba, jihohi kuma ba su ga dalilin miƙa kuɗin ma'aikatansu ga wata hukuma a Abuja ba, saboda haka shirin ya tsaya kusan a kan ma'aikatan gwamnatin tarayya da iyalansu. Manomi da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu, waɗanda su ne mafi rinjaye, suna waje.

Sauyin ya fara ne da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sai kuma matsayar Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta 2015 wadda ta amince kowace jiha ta kafa hukumarta. Legas ta yi dokarta a 2015 ta ƙaddamar da shirin a watan Disamba na 2018, Kano ta yi tata a 2016, Delta ta fara rajista a 2017, Kaduna ta yi doka a 2018, sauran jihohi suka biyo baya. A ranar 19 ga Mayu, 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta soke ta 1999, ta mayar da hukumar NHIA, ta wajabta inshorar lafiya a kan duk mazaunin Nijeriya, ta kuma tanadi asusu na musamman domin marasa galihu, waɗanda gwamnati ta ƙiyasta yawansu a mutum miliyan 83.

Abin lura a nan shi ne sunan da yawancin jihohin Arewa suka zaɓa. Maimakon kalmar inshora, wadda jama'a da dama suke ɗari-ɗari da ita saboda shubuhar riba da caca da malamai suka yi magana a kai, sai suka kira shirin taimakekeniyar lafiya. Sunan ya dace da haƙiƙanin abin, domin babu mai hannun jari da yake jiran riba daga asusun, kuma shi ne ya sauƙaƙa wa limamai da masu unguwanni kiran jama'a su shiga.

Inda kuɗin talaka yake fitowa

Dokar 2014 ta kafa Asusun Samar da Kiwon Lafiya Matakin Farko, wanda ake zuba masa abin da bai gaza kashi 1 cikin ɗari na dunƙulallen kuɗin shigar gwamnatin tarayya ba. Dokar ta raba shi kamar haka: kashi 50 domin saya wa talakawa inshora, kashi 45 domin magunguna da gyaran ɗakunan shan magani da ma'aikata, kashi 5 domin agajin gaggawa. Ta kuma bukaci jihohi da ƙananan hukumomi su kawo nasu kaso na kashi 25 cikin ɗari na kuɗin ayyukan da za a yi musu. Shekara huɗu dokar tana kan takarda kafin a sa mata kuɗi a kasafin 2018, Naira miliyan dubu 55 da miliyan 100, kuma sai a 2019 aka fara sakin kuɗin. Manufar ita ce a samu aƙalla cibiyar lafiya ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa.

Hanya ta biyu ita ce asusun daidaito na jiha, wanda aka shawarci kowace jiha ta ware masa kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigarta domin biya wa marasa ƙarfi. Ta uku kuma ita ce zubin ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi da ake cirewa daga albashi, tare da zubin masu zaman kansu da suka shiga da kuɗinsu. Jihar Kano ta ƙara da wani asusun amana na lafiya a dokar 2017, wanda aka tsara zai riƙa karɓar kashi 5 cikin ɗari na harajin cikin gida na jihar da kashi 1 cikin ɗari na kason ƙananan hukumominta 44.

Waɗanda ake biya wa su ne mata masu juna biyu, da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da tsofaffi, da naƙasassu, da kuma matalautan da sunayensu suke cikin rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa, wadda ake haɗawa ta hanyar tara mutanen gari su fayyace da kansu waɗanda suka fi kowa rashi a cikinsu. Wanda aka yi wa rajista ana ba shi kati, a haɗa shi da cibiyar lafiya ɗaya a mazaɓarsa.

Yadda ake biyan asibiti shi ne ɓangaren da ya fi dacewa ɗan kasuwa ya tsaya a kai. A ƙa'idojin asusun na 2020 an yanke Naira 12,000 a matsayin kuɗin mutum ɗaya a shekara. Daga ciki aka tsara a riƙa tura wa cibiyar lafiya Naira 570 a kowane wata a kan kowane mutum da aka yi wa rajista a wurinta, ko ya zo ko bai zo ba. Cibiyar da ke da mutum 500 za ta karɓi Naira 285,000 a wata, daga nan za ta sayi magani ta yi gwaje-gwaje ta duba duk wanda ya zo. Hikimar wannan tsari ita ce, cibiyar ta san abin da zai shigo mata tun kafin wata ya kama, kuma ribarta tana cikin hana ciwo, domin duk yaron da ya kwana cikin gidan sauro bai kamu da zazzaɓi ba kuɗi ne ya rage mata. Aibinsa kuma a bayyane yake: idan kuɗin ya yi kaɗan ko ya makara, hanya mafi sauƙi ga ma'aikacin cibiya ita ce ya ce magani ya ƙare, ya rubuta takarda ya tura mai kati kemis ya saya da kuɗinsa. Ayyukan da suka fi ƙarfin cibiya, kamar tiyata, ana tura su babban asibiti ne da takardar izini, a biya asibitin bayan ya yi aikin ya kawo lissafi.

To amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Idan aka ninka Naira 12,000 sau miliyan 83, za a samu Naira miliyan dubu 996 a shekara. Rabin kuɗin 2018 kuwa, wato kason inshora, kimanin Naira miliyan dubu 27 da rabi ne kawai, abin da zai ɗauki nauyin mutum kimanin miliyan 2 da dubu 300, ko kuma mutum ɗaya daga cikin kowane 36 da suka cancanta. Kuɗin asusun ya ƙaru a shekarun da suka biyo baya, amma tsadar magani ma ta ƙaru. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024, bayan faɗuwar darajar Naira da kuma ficewar kamfanin magunguna na GSK daga harkar sayarwa kai tsaye a ƙasar nan a 2023. Wannan ne ya tilasta wa hukumar NHIA ta ɗaga kuɗin da take biya a kan kowane mutum a shirin ma'aikata daga Naira 750 zuwa Naira 1,450 a 2025.

Ba kuma za a ce talaka ya cike giɓin da kansa ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa iyakar talauci a kan Naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara a rahotonta na 2019. Naira 12,000 ta zarce abin da irin wannan mutum yake rayuwa a kansa wata guda cur, kuma shi kaɗai ke nan, ba a zo kan mata da yara ba.

Darasi daga Kwara, Gana da Ruwanda

An gwada shirin inshorar karkara a Jihar Kwara tun daga 2007, inda aka fara a Shonga cikin ƙaramar hukumar Edu, aka faɗaɗa zuwa Afon a 2009, da haɗin gwiwar gwamnatin jiha da kamfanin Hygeia da gidauniyar PharmAccess ta ƙasar Holan. Manomi yana biyan Naira 300 a shekara, daga baya aka mayar Naira 500, ragowar kuɗin kuma tallafi ne. An gyara asibitoci kafin a fara karɓar zubi, jama'a kuwa suka shiga da yawa. Amma da tallafin ƙasar waje ya ja baya, aljihun jiha kuma ya kasa ɗaukar nauyin, sai shirin ya tsaya a 2016. Ya tabbatar da cewa mutanen karkara za su biya idan sun ga magani a kanta, ya kuma tabbatar da cewa shirin da tallafinsa ba ya cikin doka da kasafin kuɗi ba ya daɗewa.

Gana ta bi wata hanya. Dokarta ta 2003 ta kafa asusu a kowace gunduma, amma mafi yawan kuɗin ta ɗora shi a kan harajin kashi 2 da rabi cikin ɗari na kayan masarufi, ta kuma yafe zubi ga yara da tsofaffi da matalauta, sannan mata masu ciki daga 2008. A 2012 ta haɗe asusun gundumomin wuri ɗaya, domin ƙaramin asusu ba ya jure babbar asara. Duk da haka asibitocin ƙasar sun sha kukan jinkirin biya na watanni.

Ruwanda ce ta fi nuna abin da ƙaramar hukuma za ta iya. Ta fara gwaji a gundumomi uku a 1999, daga baya ta wajabta shiga, a 2011 kuma ta raba jama'a aji-aji gwargwadon ƙarfinsu, gwamnati tana biya wa na ƙasa. Yawan mutanen da aka yi wa rajista yana daga cikin alkawuran aiki da shugaban gunduma yake sa wa hannu a gaban shugaban ƙasa kowace shekara, a kuma auna shi da shi. Da haka ƙasar ta shigar da fiye da kashi 80 cikin ɗari na jama'arta.

Matsayin ƙaramar hukuma a nan gida

Tsarin mulkin 1999 ya lissafa samar da ayyukan lafiya cikin abubuwan da ƙaramar hukuma take da hannu a ciki, kuma ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 cikin ɗari na kuɗin asusun tarayya. Amma shekara da shekaru kuɗin yana bi ta asusun haɗin gwiwa wanda gwamnoni suke riƙe da shi, kula da cibiyoyin lafiya kuma an tattara shi a hannun hukumomin jiha tun bayan manufar 2011. Abin da ya rage wa ƙaramar hukuma shi ne aikin ƙafa: tantance matalauta, wayar da kai, da sa ido ta hannun kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda shugabansa yake cikin masu sa hannu a asusun cibiya. Wannan aiki ba ƙarami ba ne, domin a nan ne ake cusa sunayen 'yan uwa da magoya baya a bar gwauruwa da marayu.

Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya buɗe wata ƙofa, ko da yake aiwatar da shi ya gamu da tafiyar hawainiya. Shugaban ƙaramar hukumar da ya ware Naira miliyan 5 a wata zai iya biya wa mutum 5,000 inshorar shekara a kan farashin 2020. Hanya mafi aminci ita ce ya zuba kuɗin a asusun jiha da sunayen mutanensa, maimakon ya kafa nasa asusun, saboda dalilin da ya sa Gana ta haɗe nata.

Abin da ya rage ga ɗan kasuwa

Dokar 2022 ta ambaci duk ma'aikata mai mutum biyar zuwa sama, ta gwamnati ko ta kasuwa, cikin waɗanda wajibcin ya hau kansu, Jihar Legas kuma ta ƙarfafa wajibcin da umarnin gwamna a 2024. Mai shago a Kantin Kwari ko mai motocin haya a Agege da ke da yara biyar ya shiga lissafi ke nan. Idan ya zauna ya tara abin da ya kashe a kan takardun asibitin yaransa a shekarar da ta wuce, zai iya samun zubin ya fi masa sauƙi. A lokacin ƙaddamar da shirin Legas a 2018, kuɗin mutum ɗaya Naira 8,500 ne a shekara, na iyali mai mutum shida kuma Naira 40,000. An sauya farashin daga baya, kuma kowace jiha da nata.

Kafin ya biya, akwai abubuwan da ya kamata ya nemi bayaninsu a rubuce. Ma'anar iyali a yawancin shirye-shiryen ita ce miji da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, saboda haka mai mata biyu ko uku zai biya ƙari a kan kowane mutum. Akwai lokacin jira tsakanin biya da fara amfani da kati, don haka ba a yin rajista ranar da naƙuda ta tashi. Akwai kuma cututtuka masu tsada, irin su dashen ƙoda, waɗanda ko dai ba sa cikin jerin ko kuma wani ɓangare kawai ake biya. Sannan katin jiha a cibiyar da aka zaɓa yake aiki. Falken da yake kwana uku a Dawanau, kwana huɗu a hanyar Legas, ya tambaya ƙarara abin da zai faru idan ciwo ya kama shi a Jebba.

Ƙungiyoyin kasuwa suna da ƙarfin da mutum ɗaya ba shi da shi. Ƙungiyar da ta kawo mambobi ɗari biyar a lokaci ɗaya tana iya zaɓen cibiyar da take so, ta naɗa wanda zai riƙa bin koke, ta kuma ɗauke mutanenta zuwa wata cibiyar idan aka ci gaba da ce musu magani ya ƙare. Hukumomin jihohi da dama sun buɗe ƙofar mai hali ya biya wa wasu, kuma attajirin da ya saba raba kuɗin magani a ƙofar gida zai iya mayar da shi zubin shekara ga marayun unguwarsu, ya karɓi jerin sunaye da lambobin kati ya ajiye.

Ga masu asibitoci masu zaman kansu da dillalan magani kuwa, shirin kasuwa ce mai tabbataccen ciniki, amma ta bashi. Wanda zai shiga ya fara tambayar cibiyoyin da suka riga shi watanni nawa hukumar jiharsa take ɗauka kafin ta biya, ya kuma tanadi jarin da zai riƙe shi tsawon wannan lokaci ba tare da ya taɓa kuɗin albashin ma'aikatansa ba.